Ba A Wanke Allo Sai An Biya

A cikin bazarar 2025, lokacin da zafi ya kai matuƙa har kwanon rufin aji yana ƙara da kansa, wata hidima ta kai ni wani gari da ke kan hanyar Anka zuwa Gummi, kuma da yake ni tsohon malamin makaranta ne, wanda ba ya iya wuce ƙofar aji yana jin muryar yara bai leƙa ba, sai na nemi izinin hedimasta, na shiga aji shida na firamaren garin, na sami wuri a baya na zauna. Malamin saurayi ne mai himma, yana riƙe da wani tsohon littafi na tambayoyin jarrabawar shekarun baya wanda bangonsa ya riga ya rabu da shi. Ya karanta tambaya da Turanci, yara su amsa baki ɗaya da harafin da ke ɗauke da amsa, ya sake wata, su sake amsawa, har na kusa yarda cewa na faɗo cikin ajin haziƙai. Da aka tashi tara sai na kira yaron da muryarsa ta fi ta kowa tashi, na rubuta masa jimla guda da Hausa a bayan wata takarda, cewa inna ta aike shi kasuwa ya sayo gishiri da daddawa, na ce ya karanta mini. Ya daɗe yana kallon takardar, ya ambaci sunan harafi biyu ko uku, sa'an nan ya sunkuyar da kai, ni kuwa na yi nadamar kunyar da na jawo masa.

Malamin, wanda yake tsaye yana ganinmu, bai yi musu ba, bai kuma nemi uzurin ƙarya ba. Abin da ya ce mini shi ne: "Allah ya gafarta Malam, wallahi ni ma na sani. Amma ranar da sakamako ya fito ba wanda zai tambaye ni yara nawa suka iya karatu, yara nawa suka ci za a tambaye ni." Tun daga ranar maganar nan take yi mini yawo a zuciya, domin ta tattara ciwon da ke damun makarantunmu na boko a wuri guda: mun mai da jarrabawa maƙasudi, mun mai da karatu nafila wadda ake yi in lokaci ya ragu, alhali kuwa karatun shi ne sharaɗin da jarrabawa ba ta inganta sai da shi, kamar yadda salla ba ta inganta sai da tsarki, ko da mai yin ta ya kyautata ruku'u da sujada.

Ban ga laifin wannan saurayi ba, domin kuwa shi ne ƙarshen wata doguwar sarƙa wadda kowane zobe nata yake jan na ƙasa da shi. A ƙarshen aji shida akwai jarrabawar shiga sakandare, ta jiha da ta tarayya. Bayan shekara uku akwai ta kammala ƙaramar sakandare. Bayan wasu uku kuma ga WAEC, wadda aka kafa tun 1952, ga NECO, wadda ta zo a 1999, ga kuma JAMB mai tsaron ƙofar jami'a tun 1978, wadda yanzu a kan kwamfuta ake rubuta ta. Kowace daga cikinsu tana fitar da alƙaluma, alƙaluman nan kuwa sun sha sa Bazamfare ya sunkuyar da kai a gaban jama'a. Masu bin jaridu ba su manta da 2013 ba, lokacin da aka bazu da labarin makin shiga kwalejojin tarayya, aka ce ɗan Anambra sai ya sami 139, ɗan Zamfara kuwa maki 4 ya ishe shi, 'yar Zamfara maki 2. Ba su kuma manta da 2018 ba, da aka sanar cewa yara 28 kacal ne daga jihar gaba ɗaya suka yi rajistar wannan jarrabawa, alhali ga kwalejin gwamnatin tarayya nan zaune a cikin garin Anka, a ƙofar gidanmu. Wanda aka yi wa irin wannan gori a bainar jama'a, ba abin mamaki ba ne in ya ɗora dukan himmarsa a kan gyara lambar da aka yi masa gori da ita, kwamishina ya matsa wa sakataren ilimi, sakatare ya matsa wa hedimasta, hedimasta ya matsa wa malamin aji, shi kuma malami, da ba shi da wanda zai matsa wa sai yara, ya ɗauko littafin tambayoyi ya sa su hadda.

Adalci ne a faɗi cewa gwamnatin Zamfara ta Dauda Lawal, da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Nuwamban 2023, ta biya bashin da hukumomin WAEC da NECO suke bin jihar, bashin da saboda shi aka riƙe sakamakon ɗalibai masu yawa, suka zauna a gida ba gaba ba baya. Wannan haƙƙi ne da aka mayar wa masu shi, kuma ya cancanci godiya. Sai dai biyan kuɗin awo dabam, noman abin da za a auna dabam. Manomin Bukkuyum ya san cewa ranar kaka mudu ba ya ƙara wa gero ko ƙwaya ɗaya, abin da aka yi tun shuka da noman farko da maimai shi ne yake bayyana a bakin rumbu, kuma shukar karatu a aji ɗaya da aji biyu da aji uku ake yin ta, wato azuzuwan da babu wata hukumar jarrabawa da ke leƙa su, saboda haka babu mai tunawa da su, har ya zama al'ada a makarantu da yawa a tura malamin da ya fi rauni can, a ajiye gwanaye a aji shida.

Abin da ya fi ba ni takaici a cikin wannan mas'ala shi ne, ilimin koyar da karatu ba baƙo ba ne a ƙasar nan, yana nan da rai a kowane zaure da kowace tsangaya daga Bagega har Gayari, mun dai ƙi waiwayarsa ne saboda ba shi da takardar shaida. Dubi yadda malamin allo yake ɗaukar yaro ɗan shekara biyar. Yakan fara masa da babbaƙu, baƙi ɗaya bayan ɗaya, kuma don kada siffar baƙin ta kuɓuce wa yaro, magabata suka raɗa wa baƙaƙen Larabci sunaye da Hausa gwargwadon kamanninsu, wannan lam-jaye, wancan ha-kuri, wancan ta-kuri, har yaro ya riƙa ganin harafi kamar yadda yake ganin fuskar ɗan unguwarsu. In babbaƙu sun zauna sai a shiga farfaru, a ɗora wa kowane baƙi wasalinsa, yaro ya ji yadda sauti yake juyawa in wasali ya hau sama ko ya sauko ƙasa. Sai bayan wannan ne ake sakar masa haɗa kalmomi ya karanta da kansa. Ba a tsallake mataki don shekarun yaro sun yi yawa, ba a kuma tsallakewa don ubansa ya ƙosa. Sa'an nan ga babban rukunin da dukan ginin ya dogara a kansa, wanda shi ne dalilin wannan rubutu nawa: yaro ba ya wanke allonsa sai ya zo gaban malam shi kaɗai, ya durƙusa, ya biya, malam ya ji da kunnensa, in akwai gyara ya gyara, in bai zauna ba ya ce a koma a sake. Wannan ma imtihani ne, har ya fi na boko tsanani, tun da kullum ake yin sa, kuma ba a satar amsa a cikinsa. Bambancinsa da namu shi ne, natijarsa tana komawa ga yaron nan take, ta zama magani, namu kuwa natijarsa takan fito bayan watanni, ta zama hukunci a kan wanda lokacin gyaransa ya wuce.

Na san mai karatu zai ce ai almajiri yakan sauke Alƙur'ani bai san ma'anarsa ba, kuma gaskiya ne tilawa dabam, fahimta dabam. Amma magabatanmu ba su gafala daga wannan ba, shi ya sa bayan allo akwai makarantar ilimi, inda ɗalibi yake buɗe Ahalari ko Ishmawi ko Iziyya ko Risala, ya karanta gaɓa guda da Larabci, malam ya fassara masa da Hausa, gaɓa bayan gaɓa, har littafi ya ƙare. Wato ba su taɓa tsammanin ma'ana za ta shiga zuciyar yaro ta wata ƙofa ba sai ta harshen da ya sha a nono. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin kimanin shekara biyar da ya yi yana wa'azi a ƙasar Zamfara, da harshen mutane ya yi musu magana, duk da cewa da Larabci ya wallafa manyan littattafansa. Kuma ɗan garin Gummi ne, Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a zamanin Sardauna, wanda aka ba lambar Sarki Faisal a 1987, ya zauna ya fassara ma'anonin Alƙur'ani zuwa Hausar boko; ko waɗanda suka saɓa masa a wasu mas'aloli ba su musun cewa ya yi wannan aiki ne bisa zaton cewa jikokin garinsu za su iya buɗe littafin Hausa su karanta. Yaron da na ba takardar gishiri da daddawa ba zai iya karanta shafi ɗaya na wannan tarjama ba.

Ana cikin wannan hali sai ga wata fatawa daga Abuja wadda, a ganina, ita ce mafi girman misalin yadda jarrabawa ta hau kujerar malami ta zauna. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta yarda a fara wa yaro karatu da harshen gida a azuzuwan farko, a ƙarshen 2022 kuma, zamanin ministan ilimi Adamu Adamu, aka faɗaɗa abin ya game shekara shida na firamare. Sai a Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya sanar cewa an soke, Turanci ne harshen koyarwa tun daga tushe, hujjar da ya kafa kuwa ita ce yawan faɗuwa a WAEC da NECO da JAMB a yankunan da ya ce sun rungumi harshen gida. Ina girmama ofishinsa, amma hujjar ba ta tsaya da ƙafafunta ba, kuma lissafi kaɗan ya isa ya nuna haka: yaron da ya shiga aji ɗaya bayan manufar 2022 bai ko gama aji uku ba lokacin da aka soke ta, waɗanda suka rubuta WAEC a 2025 kuwa sun shiga firamare wajen 2013, to ta yaya za a ɗora faɗuwarsu a kan dokar da ta zo suna sakandare? In kuma ana nufin cewa malamanmu dama da Hausa suke magana a aji, to wannan gaskiya ne, amma malami ya riƙe littafin Turanci yana yi wa yara bayaninsa da Hausa da baki, wannan ba koyar da karatun Hausa ba ne, rashin koyar da karatu ne da kowane harshe. An riga an gwada abin a ƙasar nan da tahakiki: daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Ile-Ife suka koyar da yara shekara shida da Yarabanci, Turanci yana matsayin darasi guda a hannun gwani, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba.

Hikimar abin ba ta da zurfin da za ta gagari kowa. Gane cewa alama a kan takarda tana wakiltar sauti, sautuka kuma in an haɗa su suna ba da kalmar da ka sani, sau ɗaya ɗan Adam yake koyon wannan a rayuwarsa, kuma ya fi saurin koyonsa in kalmar da ta fito daga haɗin ta zama wadda ya sani. In ya haɗa baƙi da wasali ya ji "tuwo" ya fito, fuskarsa takan washe, domin ya gane da kansa cewa ya yi daidai. Rubutun Hausar boko kuwa, ko da yake ba ya nuna tsawon wasali da hawa da saukar murya, yana da amana, abin da aka rubuta shi ake faɗi, ba kamar Turanci ba, inda harafi guda yake sauya sauti daga kalma zuwa kalma. A nan ma akwai wani ɗan tarnaƙi da ya kamata masu rubuta littattafan yara su sani, shi ne yaronmu na yamma "tahi" yake cewa, littafi kuwa ya rubuta "tafi", yana cewa "hwari" littafi yana cewa "fari", kuma malamin kirki ba ya dukansa a kan harshen uwarsa, yakan nuna masa ne cewa ga yadda ake rubutawa. Haka nan 'ya'yan Fulani da suke zuwa aji da Fillanci a bakinsu suna da haƙƙin a yi musu sannu a hankali.

A farkon shekarun 2010 an yi wani gwaji a Sakkwato da Bauchi da tallafin hukumar USAID ta Amurka, wanda ba kome ba ne illa biya irin ta makarantar allo: a zaunar da yaro shi kaɗai, a ba shi takarda, a saurare shi na minti guda. Abin da ya fito ya girgiza masu ilimi, domin mafi yawan yaran ƙananan azuzuwa ba su iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa ba. Daga irin wannan bincike ne aka sami shirin Mu Karanta a waɗancan jihohi, aka kuma sami shirin RANA, wanda UNICEF ta kawo Katsina da Zamfara daga wajen 2015 da kuɗin Ingila, aka buga littattafan Hausa na aji ɗaya zuwa uku, aka horar da malamai, har da na makarantun Alƙur'ani da aka haɗa da boko. Ashe ke nan ba daga sifiri za mu fara ba, akwai littattafan, akwai kuma malaman da suka sami horon a cikinmu.

In har akwai yaran da suka fi kowa bukatar a saurare su ɗaya bayan ɗaya a faɗin Nijeriya, to yaran ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum ne, saboda abin da ya auka musu bai auka wa kowa ba. A 2010 ne gubar dalma, wadda ta fito daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, ta kashe yara wajen 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum, likitocin ƙungiyar MSF suka yi shekaru suna yi wa dubbai magani; likitoci kuwa sun tabbatar cewa dalma takan taɓa ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro, ta raunana riƙo da natsuwa, ko da ya rayu. Waɗanda suke goye a wancan lokaci su ne samari da 'yan matan da suke zaune a ɗakunan jarrabawa a 'yan shekarun nan, kuma takardar canki-canka ba ta tambayar kowa tarihin jininsa. Ƙannensu kuma, irin yaron da na gani, sun shiga aji ɗaya a 2019, annobar korona ta rufe makarantu a 2020, aka sace 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021, aka sake sace ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun a Satumba, gwamnati ta rufe makarantun jihar. A Janairun 2022 'yan bindiga suka yi kisan gilla a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, iyalai suka kwararo cikin gari gudun hijira. A Agustan 2024 ambaliya ta ci Gummi. Shekarun babbaƙu da farfaru na wannan yaro ke nan aka cinye, da ƙura ta lafa kuma aka dubi tsawonsa aka ce ya wuce aji na gaba, aka yi ta wanke masa allo ba wanda ya ji biyarsa.

Uba zai ce mini, kuma yana da gaskiya, shi takarda yake so, domin ba a ɗaukar ɗansa aikin ɗan sanda ko a ba shi gurbi a kwalejin koyon jinya sai da kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Ban ce a bar jarrabawa ba, ban kuma ce a bar Turanci ba, wanda shi ne harshen ofis da kotu da jami'a a ƙasar nan. Cewa na yi hanyar da muke bi ba ta kai wa ga takardar ma. Wanda bai iya karatu ba ba zai fahimci tambayar lissafi ba balle ya amsa, kuma idan ranar ta zo, ga kuɗin rajista an biya, ga yaro ba ya iya karanta umarnin da ke saman takarda, ƙofa ɗaya ce ta rage, ita ce ta satar amsa, a tara kuɗi a ba mai sa ido, a rubuta amsoshi a allo. Da haka makarantar da aka gina don tarbiyya take zama wurin da yaro yake fara koyon ha'inci a hannun manya, kuma alhakin wannan ya fi faɗuwa jarrabawa nauyi a gaban Allah. Malaman usulu sun ce abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne.

Roƙona ga sakatarorin ilimi na Anka da Gummi da Bukkuyum, da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, bai kai tsadar gina aji ɗaya ba. A mai da gwanayen malamai aji ɗaya da aji biyu, a kuma girmama su a kan haka. A keɓe sa'ar farko ta kowace safiya ga karatu, da Hausa tukuna, Turanci yana biye da baki har kunne ya saba, kuma kada a taɓa wannan sa'a ko da jarrabawa saura kwana uku. Yaron aji biyar ko shida da aka tarar bai iya ba, a haɗa shi da irinsa a koma da su babbaƙu ba tare da gori ba. Sufeto kuma in ya zo, kafin ya buɗe rajista, ya zaɓi yara biyar da hannunsa, ya ba su shafin da ba su taɓa gani ba, ya saurara, domin ranar da hedimasta ya tabbata cewa wannan za a tambaye shi, ranar zai fara tambayar malamansa. Masu martaba sarakunanmu, waɗanda kakanninsu suka tsaya wa Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, lokacin da lardin Sakkwato yake da jaridarsa ta Hausa mai suna Zaruma, suna da ikon sa hakimai da limamai su ɗauki maganar nan.

Kai kuma mai karatu, in kana da ɗa ko 'ya ko ƙane a firamare, yau bayan sallar isha'i ka kira shi, ka miƙa masa wannan shafi, ka nuna masa sakin layi na farko, ka yi shiru ka saurara, kada ka tsawata masa in ya tsaya. In ya karanta, ka tambaye shi me aka aiki yaron ya sayo. In kuwa ya sunkuyar da kai, to ranar Litinin ka tafi makarantarsu da kanka, ka yi wa hedimasta sallama cikin mutunci, ka tambaye shi wane malami ne yake jin biyar ɗanka, kuma a wace sa'a.